Darasin da ya nuna mini mai biyan kuɗin karatuna

5 bisa 20. Abin da na samu kenan a dabuwar ɗina, wato gwajin aji, na farko na mikro-ekonomi, shekarar farko a jami'a a Yamai, kuma har yau takardar tana nan cikin akwatina a gida Damagaram, da jan bik an zagaye lambar. Ranar da aka raba takardun ban ci abincin rana ba, na je bayan amfi, babban zauren lacca, na zauna a kan wani bulo ina juya takardar kamar lambar za ta canja in na daɗe ina kallonta, ni da tun daga firamare har lise ban taɓa sauka ƙasa da 10 ba a komai.

Ni ɗan Garin Malam ne. Baba tela ne, yana da ɗan shago wajen Zango, amma idonsa ya yi rauni, zare ma sai an zura masa a allura, don haka ɗinki ya ragu ƙwarai. Inna kuma mai take yi, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun ina ƙarami da ƙamshin suyar gyaɗa nake tashi daga barci. Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kama sunana, "kai wannan" take ce mini ko "ɗan nan". Da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, a 2018 unguwa ta ɗauka, mata suna shigowa barka, aka ce ɗan mai ƙuli zai tafi jami'a. Na zaɓi fannin tattalin arziki don na ji ana cewa masu aikin banki shi suka karanta, iyakar abin da na sani kenan walahi. Na hau kar, babbar motar bas, da asuba, kusan kilomita 900, Takeita, Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogonduci, Doso, sai dare muka shiga Yamai.

Ga wanda bai sani ba, mikro-ekonomi shi ne ɓangaren ilimin tattalin arziki da ke duba ƙananan masu yanke shawara, mutum ɗaya da kuɗin cefanensa, gida ɗaya, mai sana'a ɗaya, kasuwar kaya iri ɗaya, yadda mai saye ke zaɓa da yadda mai sayarwa ke zaɓa da yadda farashi ke fitowa a tsakaninsu. Yanzu da na faɗe shi da Hausa kun ga ba wani abin tsoro ba ne. Amma a lokacin ba haka ya zo mini ba. Malami ya shigo amfi cike maƙil, wasu a zaune a kan matakala wasu a tsaye a taga, ya ja layi biyu a allo sun gitta juna kamar almakashi a buɗe, ɗaya yana gangarowa ɗaya yana hawa, ya ce wannan damand wannan ofur, wato nema da samarwa, inda suka haɗu nan farashi ke tsayawa. Ya ce wani Bature ɗan Ingila, Alfred Marshall, a littafinsa na 1890 shi ya yaɗa wannan zane, kuma shi da kansa da almakashi ya kwatanta su, wai tambayar wanne ne ke sa farashi tsakanin nema da samarwa daidai take da tambayar wane baki na almakashi ne ke yanka takarda. Wannan kaɗai na gane ranar, don na girma ina ganin almakashin Baba. Daga nan sai lissafi ya ɓarke, deribe (lissafin awon yadda abu ke canjawa), P da Q, ƙananan haruffan Girka, kowace jimla a ƙarshenta sai an ce "in sauran abubuwa ba su canja ba". Ni kuma abin da na iya tun daga lakwal shi ne hadda, sai na haddace fotokopi shafi-shafi kamar karatun allo, ranar dabuwar aka canja lambobi aka juya tambaya, shi kenan na tsaya cak.

Farkon buɗewar kaina a azumin 2019 ne, wanda ya faɗo a watan Mayu, duk wanda ya san zafin Yamai a Mayu ya san me nake nufi. Akwai wani ɗan Mirya da muke ɗaki ɗaya, yana gabana da shekara biyu. Muna zaune an kusa kiran magariba ina ta ƙorafin utilite marjinal, wato amfanin da ƙarin abu ɗaya ke yi wa mutum, na ce ni wannan abu ban san kansa ba ban san gindinsa ba. Bai ce komai ba har aka yi kira, ya miƙo mini kofin ruwan sanyi na shanye a tashi ɗaya, sai ya ce, da a ce sayar maka zan yi minti ɗaya kafin ka sha, nawa za ka biya? Na ce ko nawa ne. Ya cika na biyu na sha, ya ce wannan fa? Na ce kaɗan. Na uku na sha rabi na aje. Ya miƙo na huɗu na ce ko kyauta ba na so. Ya ce to ka gama darasin, ruwan bai canja ba, amfanin da kowane ƙarin kofi ke yi maka ne ke raguwa, shi ya sa layin nema ke gangarowa, sai an rage maka kuɗi za ka yarda ka ƙara saye. Deribe ɗin da ke ba ka tsoro ba komai yake aunawa ba sai wannan ƙarin na ƙarshe. Na yi shiru ina kallon kofin. Wata shida ina haddace abin da maƙogwarona ya sani.

Tun daga ranar na canja yadda nake karatu, duk abin da aka rubuta a allo sai na mayar da shi kasuwar Dole ta Damagaram a cikin kaina, in bai zauna a can ba to ban gane shi ba tukuna.

Akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai a lokacin kuma har yanzu bai sauka ba. Wata rana a tede, ajin atisaye, malami ya ce mu kula, nema a wannan ilimi ba ya nufin buƙata, yana nufin buƙatar da kuɗi ke bayanta, mai jin yunwa da ba shi da ko dala ba ya cikin layin nan sam. Sai na tuna 2005. Ina ɗan shekara shida ko bakwai lokacin, amma ban manta matan ƙauye da suka riƙa shigowa gari da yara a goye suna bin gida-gida neman dusa ba, kuma ban manta cewa in Baba ya riƙe hannuna mun ratsa kasuwa buhunan hatsi suna nan jibge ba. Hatsi bai ɓace daga kasuwa ba a shekarar, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin mutane, dabbobin da za su sayar su saya kuma sun rame sun faɗi. Malamin ya ambaci Amartya Sen, masanin nan ɗan Indiya da ya samu kyautar Nobel a 1998, wanda ya nuna cewa yunwa na iya kashe mutane alhali abinci na nan a ƙasar, in abin da suke da shi na musaya ya kasa saya musu. Inda layukan nan biyu suka haɗu ana kiransa daidaito, kalmar tana da daɗin ji, amma ni na san fuskokin waɗanda ke ƙasa da wannan daidaiton, kuma ina ganin duk mai koyar da darasin nan a ƙasa irin tamu ya kamata ya tsaya a wurin ya daɗe kafin ya wuce.

To a watan Agusta na zo gida Babbar Sallah. Na zo da kai cike, ina ganin komai da sabon ido, raguna sun yi tsada kafin Sallah na ce layin nema ne ya matsa, bayan Sallah suka sauko na ce ya koma. Kuma a nan ne na yi kuskuren da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Ga ƴan'uwa na Najeriya, a wajenmu dala sefa 5 ce, jikka kuma sefa 1000. Inna tana sayar da litar mai jikka guda. Na ga wahalar da take sha, daga suya zuwa murzar ɓawo zuwa kai wa inji zuwa matsa a turmi tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da muciya har mai ya taso, hannunta duk kanta, sai na ce Inna man nan naki ya fi na kowa a unguwar nan, ki mayar da shi jikka da dala ashirin mana. Ta ce kai wannan, mutane ba za su saya ba. Na ce za su saya, mai dole ne, ba a miya sai da shi, na karanta cewa kayan da suke dole ko an ƙara musu kuɗi ba a rage saye sosai. Ta dube ni ta ce to, ai kai ne mai ilimi. Wannan maganar ita ta fi yi mini ciwo daga baya, don ba gatse ta yi ba, da gaske ta yarda da ni.

A sati tana sayar da lita 15. Satin nan lita 6 ta sayar. Yara su zo da kwalba su ji kuɗi su ce bari in je in faɗa, ba su dawowa, gida na uku daga namu akwai mai yin mai, a layin baya akwai biyu, ga kuma man jarka na kanti da ake aunawa da ludayi. Jikka 15 da take haɗawa ta koma jikka 6 da dala ɗari da ashirin. Man bai lalace ba yana nan a jarka, amma Alhamis ta zo, ranar babbar kasuwa, ranar da take sayen gyaɗar sati, kuma kuɗin ba su cika ba. Na ga Inna ta yafa mayafi ta shiga gidan maƙwabciya rance, matar da ban taɓa ganin ta nemi bashi ba. Ba ta ce mini uffan ba, ta dai mayar da mai jikka guda, kuma sai da aka yi sati uku kafin wasu masu sayen su dawo.

Daren na buɗe kaye na, littafin rubutuna, na nemo babin elastisite, wato awon yadda saye ke motsawa in farashi ya motsa. Na ƙara kashi 10 cikin ɗari, saye ya faɗi da kashi 60, in ka raba ka samu 6, duk abin da ya wuce 1 kuwa ƙara masa kuɗi rage ciniki ne. Abin yana rubuce da hannuna, na haddace shi, ban dai gane ba. Gaskiya ne mai dole ne, amma man Inna ba dole ba ne, tunda akwai madadinsa taku ashirin daga ƙofarmu. Abin da na karanta ya fi dacewa da ruwa a Damagaram lokacin bazara, in famfo ya ɗauke kwana da kwanaki mai garuwa ya ninka kuɗin jarka, za ka yi tsaki amma za ka saya, don ba ka da inda za ka. Mai sana'a ƙarama a cikin masu sana'a irin tata da yawa ba ta sa farashi, karɓarsa take yi yadda kasuwa ta aje shi. Inna ta san haka shekara ashirin, ni ne na zo da rabin ilimi na ture ta.

Kunya ta hana ni sakewa kwana biyu. A na uku na same ta tana mulmula ƙuli na zauna na ce Inna ki yafe mini, kuma ina roƙon abu ɗaya, ki bar ni in rubuta abin da ke shiga da abin da ke fita, ba zan sake ce miki ki canja komai ba. Ta ce rubuta mana.

Muka zauna a tsakar gida, tana faɗa ina rubutawa. Gyaɗa tiya 20 a sati, lokacin damina ce ta yi tsada, kowace tiya jikka da dala hamsin, jikka 25 kenan. Niƙa jikka ɗaya da rabi. Itace jikka ɗaya da rabi. Ruwa dala ɗari. Duka jikka 28 da rabi. Mai yana kawo jikka 15, ashe ko kuɗin gyaɗar ba ya mayarwa, ni da nake zaton mai ne sana'ar, ƙuli kuma saura ne. Ƙuli ke kawo jikka 17. In ka cire, abin da ya rage jikka 3 da rabi a sati, dala ɗari a rana. Na ce Inna aikinki fa, ba mu sa kuɗinsa ba. Ta yi dariya ta ce wa zai biya ni, ni da aikina? Na ƙara duban lissafin, jikka 14 a wata. Sai gabana ya faɗi, don kowane ƙarshen wata jikka 10 take aiko mini Yamai.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba na tambaye ta ƙulin jikka 17 ɗin nan duk a gida ake saye? Ta ce a'a, na gida bai wuce na jikka 7 ba, sauran ƙanwarka ke kai wa tasha da safe, lokacin da motoci ke lodi.

Da safe. Lokacin lakwal kenan.

Ƙanwata tana da shekara 11 a lokacin, kuma a shekarar ta maimaita aji, CM1, wato aji biyar na firamare. An faɗa mini a waya, na ma yi mata faɗa na ce ba ta maida hankali, ta yi shiru ba ta ba ni amsa ba. Ashe kwana uku ko huɗu a sati sai ƙarfe goma take shiga aji, wani lokaci ba ta zuwa sam, tana tasha da faranti a ka tana bin tagogin motocin Magarya da Matamai. Tana zaune a gefe lokacin da muke wannan lissafi, tana tsince gyaɗa a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Akwai abin da aka koya mana tun satin farko, ku doportinite, ainihin tsadar abu ita ce mafi kyawun abin da ka bari don ka same shi. Misalin da ake bayarwa kullum shi ne ɗalibi, wai tsadar jami'a ba kuɗin rajista da fotokopi kaɗai ba ne, har da abin da zai samu da ya tafi aiki. Na rubuta wannan a jarrabawa, na ma lissafa wa kaina nawa zan samu da ina kabu-kabu a gari. Amma ban taɓa tambayar ko wani ne ke barin nasa don in samu nawa ba. Karatuna na jami'a da karatun firamaren yarinyar nan ake biyansa, safiya bayan safiya, kuma ba wanda ya zauna ya yanke haka, ba Baba ba ba Inna ba, abin ya tafi a hankali ne kawai, wata ya ƙare ana buƙatar jikka goma, ƙuli kuma da safe yake fita. Na tashi na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Washegari na je shagon Baba na ce zan bar karatu in nemi babur. Yana riƙe da almakashi yana bin alli a kan yadi da hannu saboda ido, bai tsaya ba ya ce saboda me. Na faɗa masa duka. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce shekarar da yarinyar nan ta rasa ta riga ta tafi, ko ka zauna ko ka koma ba za ta dawo ba, abin da ke gabanka shi ne ta bana, in ka bar karatu ka hau babur ɗin wani kana kai masa balas kullum, nawa zai rage maka da zai sauke mata farantin? Ka zauna ka lissafa wannan tunda lissafi ka iya, in babur ya fi ka zo in nema maka. Na lissafa, da kuɗin mai da balas da gyara, bai fi ba, ga shi kuma ina cikin waɗanda sunansu ya fito a masu burs, wato tallafin karatu, kuɗin ne ba su fara shigowa ba.

Ina nan gida a ƙarshen Agustan nan Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, rufewar da ta kai har Disambar 2020. Mu da Kano kamar ɗaki da zaure ne, wakenmu da dabbobinmu can suke tafiya, Dawanau ta san buhunan Damagaram. Kawuna da ke noma a ƙauye wajen Matamai ya zo yana cewa masu sayen wake sun ja baya, ga kaka tana matsowa. Na ce Kawu ku aje mana har hanya ta buɗe ko kuɗi ya tashi. Ya ce ɗana, da me zan biya bashin da na ci da damina, da me zan sai wa yara kayan lakwal, ga bikin ƴar'uwarka? Wannan karon ban yi gardama ba, na saurara. Kowa a ƙauye ya san kaya suna arha a kaka suna tsada da bazara da damina, ba sai an je jami'a ba. Suna sayarwa da arha ne don ba su da halin jira, kowa ya fito da nasa lokaci ɗaya kasuwa ta cika farashi ya faɗi, mai kuɗi ya saya ya zuba a sito, wata shida ya sayar wa mutumin da ya noma shi. Shi ya sa tsarin nan na warantaj ke da ma'ana, inda manoma ke aje amfaninsu a sito a ba su bashi a kansa su biya in kuɗi ya tashi. Kuma a nan na ga Inna ma cikin wannan tarkon take ta ɗaya gefen, tana sayen gyaɗa sati-sati a kan kowane farashi ta tarar, don jarinta bai wuce na sati ɗaya ba.

Na koma Yamai na rubuta ratirapaj, jarrabawar gyara, na samu 13. Ban yi wani murna sosai ba, hankalina na kan kaka. Na fara da ce wa Inna ta daina aiko jikka goman, na samu yara biyu ina koya musu lissafi da yamma a wata unguwa, da shi nake cin abinci a resto. Da burs ya fito na wata uku a haɗe ban taɓa ko dala ba, na kira Kawu ya tambayo mini kuɗin tiya a kasuwanni biyu na wajensu, na kira wani abokina ya tambayo na Dole. An taɓa kawo mana misalin binciken wata Ba'amurkiya, Jenny Aker, da ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006 ta gano cewa shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, ranar na ga abin da idona, kiran dala arba'in ya nuna mini inda ya fi sauƙi ko an haɗa da kuɗin mota. Kawu ya saya mana buhu biyu, tiya 80, kowace dala ɗari da saba'in. Muka aje su ba a taɓa ba sai da gyaɗa ta haura jikka.

Kada in yi muku ƙarya, buhu biyu aikin wata ɗaya ne kawai a wajen Inna, ba su sauya duniya ba. Ɗaya ma mun aje shi a ƙasa jikin bango, gindinsa ya ja danshi, kusan tiya shida ta yi baƙi ta yi fumfuna, Inna ta ce wannan ba ta shiga bakin mutane, muka zubar, daga baya na karanta cewa irin wannan fumfunar tana da guba mai taɓa hanta. Ajiya ma tana da tsadarta, kuma akwai shekarar da farashi ba ya tashi yadda ake zato. Amma rarar da aka samu Inna ba ta ci ba, ta zuba a adashe, ta roƙi a ba ta kwasarta a watan kaka, shekara ta biyu buhu biyar muka aje a kan katako.

Abin da ya sauke farantin kuwa ba ni na kawo shi ba, Inna ce. Ita ta ce tunda yanzu ba a matse take da kuɗin Alhamis ba, akwai masu tsire da masu kilishi da ke neman garin ƙuli da yawa, suna saye a sari ƙasa da kuɗin talla kuma ba sa biya sai bayan kwana uku huɗu, shi ya sa da ba ta iya ba su. Muka lissafa tare, a sati za a rasa kamar jikka ɗaya da rabi in aka kwatanta da tasha. Ta ce a rasa. Mutum biyu ta samu, ɗaya har yau shi ke ɗaukar rabin ƙulinta. Talla ta koma Asabar da Lahadi kaɗai, daga baya ta tsaya gaba ɗaya.

Ƙanwata ba ta dawo da shekarar da ta rasa ba, ta girmi yawancin ƴan ajinsu, kuma akwai lokacin da ta ce ita ta gaji za ta bari don ana tsokanarta. Na nemi gafararta a kan faɗan da na yi mata a waya, ta ce Yaya ai ba ka sani ba ne. Na ce ya kamata in tambaya. Ta wuce sizyem, ajin farko na sakandare, ta ci gaba, bara ta ci brebe, jarrabawar gama ƙaramar sakandare.

Ni na gama lisans, digirin farko, na dawo gida, ban samu aikin banki ba, ina riƙe wa wani ɗan kasuwar hatsi littafi a Dole, da yamma kuma ina koya wa ƴan shekarar farko da suka zo hutu wannan darasin a zauren gidanmu, da Hausa tukuna kafin mu koma Faransanci, da kofin ruwa da tiya da kwalbar mai. Kayen da muka fara lissafi da Inna ya cika an sayi na uku, kuma yanzu ba ni ke rubutawa ba, ƙanwata ce, kowace Alhamis da dare bayan an dawo kasuwa. Makon jiya na shigo na tarar da su a tsakar gida da fitila, Inna tana faɗa tana rubutawa, gyaɗa, niƙa, itace, ruwa, sai na ga ta ƙara wani layi a ƙasa da ban taɓa sawa ba, ta rubuta "aikin Inna" ta sa jikka uku a gabansa. Inna ta ce ke cire wannan, wa zai biya? Ta ce ke za ki biya kanki kafin a kira sauran riba, ta ja layi a ƙarƙashi ta ci gaba da haɗawa.